Gefen Mista Obadiya

Litinin, 13 ga Maris, 1989

Takarda ta zo daga hedkwata a Katsina. Kwamfutar ofishinmu na aikin gona za ta koma sabon tsari, DOS, domin daga bana da shi za a riƙa aika rahoton ruwan sama. Amma kada a taɓa tsohon tsarin, CP/M, sai an gama kwashe alƙaluman da ke cikinsa da hannu, ko da zai kai ƙarshen shekara. Wato inji ɗaya, tsari biyu. Sun haɗo da faifan DOS da kwalin sababbin faifai guda goma. Za su zo dubawa ranar 9 ga Mayu.

Alhaji Mahmuda, shugaban ofis, ya karanta sau biyu ya miƙo mini. "Kai aka tura Kaduna mako shida, Sada. Yau ga ranarka." To, ni ɗin ne.

A takarda aikin ba wani abu ba ne. Babban faifan da ke cikin injin za a raba gida biyu kamar gonar gado, kowane tsari da gefensa. Abin da Alhaji bai gane ba shi ne, kafin a ja iyakar sai an share gonar kaf. Duk abin da ba a kwashe zuwa ƙananan faifai ba ya tafi ke nan. Na yi masa bayani, ya ce in yi yadda ya dace, yana da baƙi.

Talata, 14 ga Maris

Mista Obadiya bai ji daɗin labarin ba. Shi ne mai awon ruwa. Mutumin Filato ne, ya zo Dutsin-Ma ina ɗan firamare. Tun 1975 yake yawo a babur daga Kutawa zuwa Barkiya zuwa garinmu Birchi, yana leƙa kwalbar awon ruwa yana rubutawa. Da Turawan aikin suka kawo kwamfuta shekara huɗu da suka wuce, shi ya zauna ya juye littattafansa duka a ciki da yatsa biyu. Har yau da yatsa biyun yake bugawa, kamar kaza na tsintar gero. Injin har riga gare shi ta atamfa, matarsa Mama Kezia ta ɗinka.

Ƙarshen Mayu zai yi ritaya. Shekara guda muna ɗaki ɗaya, maganarmu ba ta wuce ina kwana da sai gobe. Yau ya ƙara da, "Malam Sada, in an raba, gefena zai riƙa ganin naka?" Na ce a'a, ba mai ganin wani. In an kunna, ɗaya ne ke tashi, wanda aka sa wa alama. Ya ce, "To." Ya mai da wa injin rigarsa.

Ni ba ruwana da gefen kowa. A raba, a sa hannu, in wuce.

Juma'a, 17 ga Maris

Amsa daga Kano. Kamfanin da na nemi aiki sun kira ni ganawa ranar 13 ga Yuni, wai in zo da wani aiki da na taɓa yi a kwamfuta su gani. Yana nan kuwa: faifai shida da na dawo da su daga Kaduna, shirin jera sunayen ma'aikata da na rubuta da kaina, da kayan da ke tafiyar da shi. Malaminmu har sa wa ya yi aka tafa mini. Suna ƙasan akwati, a naɗe cikin rigar sallah. In ba su ba, ba ni da abin nunawa sai takardar shaida, ita kuwa kowa yana da irinta.

Ban gaya wa kowa a ofis ba.

Litinin, 20 ga Maris

Na tambayi Mista Obadiya ko akwai kwafin ajiya. Fuskarsa ta washe. Ya ce akwai mana, duk ƙarshen damina yakan kwafa yadda wani Bature cikin masu kawo injin ya koya masa, har faifan suka ƙare shekara biyu da suka wuce. Ya ja ni sito.

Baturen wai ya ce masa faifai ba ya son zafi, a ajiye shi a wuri mafi sanyi. To ina ne wuri mafi sanyi a ofishin da ko fanka ba ta juyawa? Gindin randa. Ya durƙusa ya tona jiƙaƙƙen yashin da randar ke zaune a kai, ya fiddo gwangwanin biskit. Can yake a binne, kuma kullum ana yayyafa wa yashin ruwa don randar ta yi sanyi.

Na buɗe. Wari ne ya fara fitowa. Fumfuna ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, fari da kore, har da faifan CP/M na asali. Na ɗaga ɗaya a haske, ya ce ko a goge da tsumma. Na ce in na cusa wannan a inji, injin ma zai bi su.

Dariya ta taso mini, Allah ya taimake ni ta tsaya a wuya. Ya jujjuya gwangwanin a hannu. Can ya ce, "Amma wurin da sanyi." Na ce ƙwarai, da sanyi.

Talata, 21 ga Maris

Littattafan fa? Gara. An zuba su a buhu an jefa a sito tun da aka ce komai ya shiga inji, abin da ya rage ko murhu ba zai hura ba. Firinta kuma ribon ɗinta na tawada ya bushe tun Janairu, an rubuta an nema, shiru.

Ke nan aikin mutumin nan na shekara goma sha huɗu wuri ɗaya tak yake a duniya, cikin faifan da aka ce in share.

Laraba, 29 ga Maris

An dawo hutun Ista, na auna kayan. Shi kansa tsohon tsarin da shirin da ke buɗe bayanan, faifai biyu. Alƙaluman ruwa, uku. Sai wani tuli da Mista Obadiya ya sa wa suna MAGANA, faifai goma cif. Sha biyar ke nan, ni kuwa goma aka ba ni. A Dutsin-Ma ba mai sayar da faifai, Katsina ma an duba babu. Na ba direbanmu saƙo, zai je Kano mako mai zuwa.

Na buɗe MAGANA in ga abin da ya cinye wuri haka. Ashe duk inda ya auna ruwa sai ya nemi manomi ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, da sunansa da gonarsa. Wane ya tona ƙasa da hannu, danshi ya kai taƙi, zai shuka. Wane ya yi gaggawa, ruwan ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Wance ta ce kaura ta fi farfara jure fari a jigawarsu. Wani ma labarin akuyarsa ya ba shi, shi kuma ya zauna ya buga.

Na ce wa ya sa shi wannan wahala? Ya ce, "Ba kowa. Kwalba tana cewa milimita ashirin, amma ba ta san ko ƙasa ta sha ba. Mai gonar ya sani."

Fom ɗin hedkwata gida huɗu ne: gari, rana, milimita, sa hannu.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Birchi. Inna lafiya lau, sai ƙorafin na rame. Kawu Ilu, wanda ke noma gonarmu tun rasuwar Baba, yana so ya yi binne bana, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Inna ta ce, "Da mai gonar na nan da ba a yi ba." Kawu ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni me injinmu ya ce game da damina. Na ce injin ba boka ba ne.

Ban san abin da Baba zai ce ba, don shi ba mai magana ba ne. Ban tuna wata doguwar hira da ta taɓa haɗa mu ba. Ranar da zan tafi sakandare iyakar abin da ya ce, a kula da takalmi. Na daɗe da ɗauka haushina yake ji na bar masa gona, na kuma daɗe da daina tunanin abin.

Juma'a, 7 ga Afrilu

An ɗauki azumi. Zafi ba a magana. Mista Obadiya ya daina shan ruwa a ɗakin, sai ya zaga bayan sito. Ba ni na ce ya yi ba.

Litinin, 10 ga Afrilu

Direba ya dawo daga Kano da faifai, yana ta murna. Ƙanana ne masu tauri, sabon yayi, ko kusa ba su dace da bakin injinmu ba. Ba zai koma ba sai bayan sallah, 'yan hedkwata kuwa kwana biyu da sallah za su zo.

Na kai wa Alhaji maganar. "Hirar ƙauye za ta hana mu aiki? Kwashe lambobin. Abin da ya samu wuri ya shiga, saura a yi haƙuri." Ta wani gefen yana da gaskiya.

Faifai biyar suka rage wa MAGANA, rabi ke nan. Na ce wa Mista Obadiya ya zaɓi rabin da za a tsirar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce ba zai iya ba. "Kai ka zaɓa, Malam Sada. Ba ka san su ba, zai fi maka sauƙi." Nan take na zaɓa. Daga 1984 zuwa bara su tsira, 1975 zuwa 1983 su tafi. Ko minti ɗaya ban ɓata ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Kwafa. Wuta ta ɗauke sau uku, faifai biyu kacal na gama. Ga ƙishi.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Karantawa ba aikina ba ne. Ina duba inda 1983 ta ƙare ne don in yanke daidai, sai idona ya faɗa kan Birchi. Na kwafe shi a nan yadda yake:

"Birchi, 4 ga Yuni 1983. Milimita 21. Sodangi, gonar bakin marke. Ya tona, danshi bai kai taƙi ba. Ya ce ruwan ga na yaudara ne, shi ba ya shuka sai ƙasa ta sha ta ƙoshi, masu gaggawa su yi ta yi. A zaune ya tona, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ya ce in na gamu da ɗanshi Sada a Dutsin-Ma kada in faɗa mashi, yana jarrabawar fita. Ya ce yaron kanshi na ja, ba don gona aka yi shi ba, kuma shi haka ya fi so."

Na koma baya. Yana nan a 82, yana nan a 81, har 76. Duk ruwan farko, Sodangi ya tona. A 78 ya ce ya kai tunkiyarsa kasuwa saboda takalmin makaranta, kuma wai takalmin ya yi wa yaron yawa amma zai girma a ciki.

A watan Agusta na 83 Baba ya rasu. Ni an ce mini zazzaɓi ne na kwana uku.

Maganar da ya yi wa mutumin nan ta fi duk wadda ya yi mini a duniya yawa. Na kashe injin ba bisa ƙa'ida ba, abin da nake yi wa wasu faɗa a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san da wa ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ban kwafi komai ba. Na ce kaina ke ciwo, azumi ne.

Litinin, 17 ga Afrilu

Na tare shi da safe kafin ya cire wa injin riga.

"Mista Obadiya, ashe ka san mahaifina?"

"Sodangi? Shekara takwas ina shan furarsa."

"Shekara guda muna ɗakin nan, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ya ce kada in faɗa maka."

"Wannan ai don jarrabawa ce! Ta 83!"

"Bai dawo ya ce in faɗa ba."

Wai fa da gaske yake, ko murmushi babu. Na ce to da na yanke 83 yana kallo, me ya hana shi magana? Ya ce ni aka ba aikin. "In na ce ka bar ta don babanka, mutanen Barkiya fa? Su ba su da 'ya'ya?"

Sauran abin da ya faɗa kaɗan ne. Shi ya goya Baba a babur zuwa asibitin Kurfi sau biyu. Baba ba ya son babur, yakan riƙe masa riga har ta yage. Na ce ya isa, ina da aiki.

Laraba, 19 ga Afrilu

Na zo da faifaina na Kaduna. Dalilin na aiki ne: rabin bayani ba bayani ba ne, duk wanda ya koyi aikin nan ya san haka. Na gwada matse shirina a faifai ɗaya, bai shiga ba. Na ajiye na farkon, na share biyar. Kowanne sai injin ya tambaya ko na tabbata. Sau biyar, kamar mai neman rigima.

Shirin yana kaina, zan sake rubutawa in na samu lokaci. Kafin 13 ga Yuni dai ba zai yiwu ba, wannan na sani.

Mista Obadiya ya ga rubutun hannuna a bayan faifan, ya ce na wa ne? Na ce tsofaffi ne, ba komai a ciki.

Talata, 25 ga Afrilu

Yau aka raba.

Tun jiya na sa aka cika janareta, na ce ko wutar gari ta zo kada a juya. Mista Obadiya ya zo da farar rigarsa ta zuwa coci. Na jera faifai sha biyar a kwali, kowanne da lambarsa, na ce ya riƙe. Ya zauna ya ɗora a cinya ya rufe da hannu biyu.

Alhaji ya ce a ba tsohon ɗan lungu kawai, sabon ya ɗauki sauran. Na raba daidai, rabi da rabi. Ya fi sauƙin lissafi.

Na yi bisimilla na danna. Injin ya yi ta ƙara kusan rabin sa'a, sannan ya yi tsit. Na kashe na kunna don in gani, ba abin da ya tashi, sai ɗan haske yana ƙiftawa a kusurwar allo. A lokacin nan duk shekarun suna kan cinyar tsohon nan, a kwali. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kau da kai don kada ya sauka a kan faifan. Na tsorata, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Na sa DOS a gefen farko, ya zauna lafiya. Na sa CP/M a na biyu, na mai da alamar kansa, na sake kunnawa. Da rubutun da ya saba gani ya fito a allo, Mista Obadiya ya ce, "Yauwa, ga shi nan," kamar ya hango ɗan'uwa a tasha. Kafin la'asar alƙaluman ruwa sun koma duka. MAGANA sai gobe.

Laraba, 26 ga Afrilu

Faifai na takwas ya ƙi karantuwa. Cikin sababbin ne ma, ba nawa ba. Na gwada sau shida, na hura, na jinkirta, na sake. Barkiya da Kutawa, 1979 da rabin 1980, sun tafi. Sauran tara sun shiga.

Na zaci Mista Obadiya zai yi wani abu. Sai ya ja kujera ya fara bugawa daga ka, da yatsunsa biyu. Ya tuna sunaye da yawa, abin mamaki. Inda bai tuna abin da mutum ya ce ba sai ya rubuta sunan ya bar wurin fili, wai ba zai sa wa mutum magana a baki ba.

Birchi ba abin da ya same ta. Na duba ne kawai don tabbatar da aiki.

Talata, 9 ga Mayu

An sha sallah, 'yan hedkwata sun zo su biyu. Na riga na mai da alamar kan DOS. Suka kunna, ya tashi, suka cika fom ɗaya na gwaji, suka sa hannu. Ɗayan ya tambayi me ke ɗaya gefen. Na ce tsofaffin lambobi. Ya ce in an gama kwashewa a Disamba a share, a haɗe wurin. Na ce to.

Alhaji ya ji daɗi, har ya ce a gabansu ni yaronsa ne. Minti ashirin duka-duka, suka wuce cin kifin dam ɗin Zobe.

Laraba, 31 ga Mayu

Walimar sallamar Mista Obadiya. Lemo, biskit, jawabin Alhaji mai tsawo. Ba za a kawo wani a madadinsa ba. Malaman firamare za su riƙa leƙa kwalba a garuruwansu su aiko da lamba.

Da aka watse ya dawo ɗakin ya miƙa mini kwalin faifan, ya ce ina zan ajiye? Na ce ba gindin randa ba dai. Ya yi dariya har da tari. Yau na fara jin dariyarsa, ranar tafiya. Na ce akwai wuri a akwatina, ya zama fili kwanan nan. Ya dube ni ta saman tabarau, bai tambaya ba. Ina jin ya sani tun ran nan.

Ya nuna mini yadda ake buɗe sabon shafi a MAGANA, ni da aka tura Kaduna. Na bar shi ya nuna. Ya ce, "In ruwa ya sauka ka gai da mini Birchi, ɗana." Asabar motarsu za ta tashi.

Talata, 13 ga Yuni

Kano. Mu tara ne. Kowa da faifansa, ni da guda ɗaya da ba ya tashi shi kaɗai. Na yi musu bayanin shirin da baki, har da zane a takarda. Mai tambayar ya saurara da ladabi, ya ce me ya sami sauran? Na ce an yi wani aiki da su. Ya ce za su neme ni.

Ba za su neme ni ba. Na ji zafi a mota har garin Gidan Mutum Ɗaya, daga nan barci ya ɗauke ni.

Litinin, 19 ga Yuni

Ruwa ya sauka Asabar da la'asar. Jiya na je Birchi, dama ina da niyyar gai da Inna. Malamin firamare ya ce kwalba ta nuna 23. Gari duk an fita da sungumi.

Na bi Kawu Ilu gonar bakin marke, don kawai in miƙe ƙafa. Rabinta ya riga ya yi binne, yana so ya shuke sauran a ranar. Ban san lokacin da na tsuguna ba. Na tona da hannu, da wandon ofis da komai. Sama jiƙe, amma kafin in kai taƙi ƙasa ta koma gari. Na ce, "Kawu, a ɗan jira na biyu." Ya ce, "Injin ne ya faɗi?" Na ce a'a. Ya yi ta kallona, sannan ya saɓa sunguminsa. Da muka koma gida ya ba Inna labari yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba, ta shiga ɗaki ta daɗe.

Yau na cika fom a DOS. Birchi, 17 ga Yuni, 23, sa hannu. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Da Alhaji ya fita sai na juya alamar na sake kunnawa, don in ga ko ɗaya gefen yana nan lafiya. Yana nan. Tun da na riga na buɗe, na rubuta abin da Kawu ya ce, da abin da malamin ya ce, da na wata tsohuwa da ta tsare ni a hanya kan irin wakenta. A ƙasa na sa: Sada ɗan Sodangi, gonar bakin marke. Ya tona, danshi bai kai taƙi ba.

Ranar Laraba wataƙila in leƙa Barkiya, babur ɗin ofis yana nan ba mai hawa, kada batir ya mutu.

Sai da na kulle ƙofa na tuna ban mai da alamar ba. Gobe in an kunna, gefen Baba Obadiya ne zai tashi. Zan gyara in na tuna. Na dai koma na sa wa injin rigarsa.